Wace kyamara zan ɗaura a kan keke? Na riga na kashe ta wayata

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, amma bari in yi bayani tukuna, don kada a ba ni maganin ciwon da ba shi ke damuna ba.

Ni malamin makaranta ne, ina zaune wajen Kabuga a Kano. Shekara biyu ke nan da likita ya ce in rage zama, sai na sayi keke na hannu, irin mai giya ɗin nan mai faffaɗar taya. Duk Asabar da na idar da sallar asuba sai in hau titin Gwarzo, in wuce Rijiyar Zaki da sabuwar BUK da Janguza, in ƙarfi ya kai har Rimin Gado. A dawowa nakan sauka daga kwalta in bi burji ta cikin gonaki, don can ne daɗin yake. Zuwa da dawowa, har da tsayawa wajen mai shayi, awa uku nake yi.

Abu biyu ya sa nake son kyamara. Na farko mahaifina. Shi ma a zamaninsa ya ci wannan hanyar a kan Raleigh ɗinsa, yanzu kuwa ƙafa ta ƙi, daga ɗaki sai ƙofar gida. Duk na dawo sai ya tsare ni da tambaya: dawa ta fid da kai? Ruwa ya kwanta a fadama? Rimin nan na bakin kwana yana nan? Baki ba ya iya ba shi amsar da yake so. So nake in miƙa masa waya ya gani da idonsa. Na biyu, watan jiya wani mai adaidaita sahu ya goge ni, na faɗi na ɗaye gwiwar hannu, ko waiwayowa bai yi ba. Kafin in miƙe ya ɓace, lambarsa ko harafi ɗaya ban riƙe ba.

Na fara da ɗaura wayata a kan keken da irin maƙalin nan na roba. Bidiyon da ya fito kamar ana tankaɗe, Baba ya kalla minti ɗaya ya ce jiri yake gani. Bayan sati uku kyamarar wayar ta daina tsayawa, in na buɗe sai ta riƙa wani zuuu, hoton yana rawa ko a kan tebur na ajiye ta. Daga nan na ari wata 'yar ƙarama wajen abokin aikina, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalinta, wato wai hotonta mai tsananin kyau ne. Hotonta kamar ana leƙe ta cikin ruwan randa, kuma a fita ta biyu maƙalinta ya karye a gargada, da ƙyar na tsinto ta a cikin ciyawa.

Abin da zan iya kashewa bai wuce naira dubu 200 ba, shi ma sai na haɗa da adashe. Wacce zan saya? Kuma kan keken, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, shi ne wurin da ya dace, ko ni ne ban iya ɗaurawa ba?

Oga Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Wayarka ba asiri aka yi mata ba, jijjiga ce. Manyan wayoyin yanzu idon kyamararsu ba a kafe yake ba, yana lilo ne a kan wasu 'yan ƙananan maganaɗisu da siririyar waya, don in hannunka ya motsa ya gyara kansa. An yi shi don rawar hannu, ba don dukan burji na awa uku ba. Kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a 2021 cewa ɗaura iPhone a kan babur mai ƙarfin inji yana iya lalata wannan sashen. Keke ba shi da inji, amma a gargada dukan da yake kai wa waya ba kaɗan ba ne. Mu a shago mun san su, da mutum ya miƙo waya tana wannan kukan, tambayar farko ita ce, a mashin kake ɗaura ta? Ana canja kyamarar, ka kai a duba maka.

To ga maganar saye. Ka manta da 4K ɗin da ke jikin kwali. Yawancin ƙananan nan masu arha ƙaramin hoto suke ɗauka, sai su buɗa shi kamar an ja roba, su kira shi 4K. Abin da za ka biya kuɗi a kansa guda ɗaya ne, wato tsarin da ke hana hoto rawa. Kyamarorin wasanni na kirki ba idon ne ke lilo ba. A cikinsu akwai abin da ke auna kowane motsi, sai su ɗauki hoto mai faɗi, su riƙa yanke gefe-gefe suna daidaita tsakiya. Shi ya sa jijjiga ba ta kashe su kamar waya. Kamfanin GoPro suna kiran nasu HyperSmooth, DJI suna kiran nasu RockSteady, Insta360 kuma FlowState. Suna ne ya bambanta, aikin kusan ɗaya ne.

Da kuɗinka sabuwa ba za ta samu ba, don GoPro Hero 13 da ta fito a 2024 dala 400 aka sa mata, ka lissafa da kanka tunda fanninka ne. Ta hannu za ka nema. HyperSmooth ya fara ne daga Hero 7 Black ta 2018, don haka duk abin da ke ƙasa da ita kada ka kalla, ko da kyauta-kyauta aka yi maka farashi. Ka lura da kalmar Black ɗin nan sosai. Akwai Hero 7 Silver da White, su ba su da wannan tsarin, kuma batirinsu a manne yake ba a cirewa. Mai sayarwa zai ce maka ai duk 7 ce. Ba duk 7 ba ce. Ta DJI kuwa, Osmo Action ta farko ta 2019 ma tana da RockSteady, in ka ci karo da mai lafiya ba laifi.

In da hali ka ɗan ƙara ka kai Hero 9, ni ita zan ce. Dalilina biyu. Gilashin da ke kare idonta ana murɗe shi a canja, na Hero 8 kuwa a kafe yake, in tsakuwa ta fasa shi ka shiga uku. A hanyar da tifa ke watsa tsakuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sannan batirin 9 da 10 da 11 da 12 duk girmansu ɗaya, suna shiga wa juna, ka ga samun na biyu ba zai yi wuya ba.

Ranar da za ka saya ka tafi da katin memorinka. Ka sa shi, ka kunna ɗauka, ka bar ta tana yi minti ashirin kuna hira. Ka ga ko za ta mutu, ka ga kashi nawa batir ya sauka. Ka buɗe murfin batir ka duba ko ya kumbura, in sai an yi kokawa yake fita to ya kumbura. Ka duba robar bakin murfin, in ta tsage ruwa da ƙura za su shiga. Wanda ya ƙi yarda ka gwada, ka yi masa sallama.

Ɗan Shere:

Malam sannu da faɗuwa. Ni a Jos nake, kuma hawana kusan duk a kan duwatsun Shere ne da wajen Lamingo, inda kwalta sai dai labari. Oga ya gama magana kan kyamara, ni kan wurin ɗaurawa zan yi, don a nan na fi shan wuya.

Gaskiya ni na bar ɗaurawa a kan keke. Duk dukan da tayar gaba ta sha, kai tsaye yake hawowa ta ƙarfe ya isa kyamara, ba abin da ya tare shi. In ka ɗaura a ƙirji kuwa, gwiwoyinka da hannuwanka sun riga sun shanye rabin dukan kafin ya iso. Kuma hoton ƙirji ya fi rai, ana ganin hannuwanka da kan keken da hanya tana tahowa, mai kallo sai ya ji kamar shi ke tuƙi. Na kan keke kuwa, duk ɗan karkata kan da ka yi don kauce wa rami sai duniya ta juya gaba ɗaya. Wataƙila ma wannan ne ya sa wa Baba jiri, ba jijjigar kaɗai ba.

Abin da za ka kiyaye a ƙirji shi ne mutum a sunkuye yake tuƙi, in ka saita ta kana tsaye, da ka hau sai ta kalli ƙasa, ka dawo gida da awa guda na hoton taya. Ni na yi wannan, har da murnata zan nuna wa yara. Ka ɗaga ta sama fiye da yadda kake zato, ko ka juya ta kai ƙasa, ita da kanta za ta miƙe hoton.

Hular kwano ma ana ɗaurawa, amma ban so. Tana ja maka wuya, kuma in aka faɗi ba na son wani ƙarfe a tsakanin kaina da ƙasa.

Baffa Na Zariya:

Ɗana Malami, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya da ka yi wa mahaifinka. Ni na haura sittin, kuma har yau ina taka feda daga Samaru zuwa Shika. Zan ɗan saɓa wa ɗan'uwanmu na Jos, ya yi haƙuri.

Shi a Jos yake, inda ake sa rigar sanyi. Kai a Kano kake. Ka ɗaura wannan ɗamarar ta roba a ƙirji a watan Afrilu, ka yi awa uku, ka dawo ka ba mu labari. Ni sau biyu na sa na cire, gumi ya kwanta a ƙarƙashinta har ƙuraje suka fito min. Ban da haka, mutum ya shiga ƙauye da abu ɗaure a ƙirji mai ido yana ƙyalli, kallon da za a yi masa daban ne. A kan keke kuwa ba mai kula, sai a ɗauka fitila ce.

Kan keke yana yi, in an iya ɗaurawa. Maƙalin da ya karye maka na roba ne, na tabbata, kuma mai dogon wuya ne mai gaɓa biyu ko uku. Kowace gaɓa wurin rawa ce. Ka nemi na ƙarfen alminiyam, gajere, mai gaɓa ɗaya, wanda ake ɗaurewa da noti ba da hannu ba. Kafin ka je saye ka auna kaurin ƙarfen kan kekenka a tsakiya, kusa da inda ya haɗu da wuyan keken. Na zamani yawanci milimita 31.8 ne, tsofaffi 25.4, wajen riƙo kuma 22.2. In ba ka da abin awo ka zagaya zare ka auna tsawonsa ka raba da 3.14, ba sai na koya wa malamin lissafi wannan ba. Ka ɗaura kusa da tsakiya, nan ne motsi ya fi ƙaranci, kada ka kai ta gefe.

Ni tawa a ƙarƙashin ƙarfen take rataye, kai ƙasa. In keke ya faɗi ba ita ke fara cin ƙasa ba, kuma nauyinta ba ya sa ta sunkuya a gargada. Sai dai ka kawar da wayoyin birki daga gabanta, ka ɗaure su gefe, in ba haka ba za su yi ta gilmawa a hoton. Ka je wajen mai faci ka karɓi guntun tsohon tif, ka yanka falle ɗaya ka naɗa a ƙarfen kafin ka ɗaura maƙalin. Falle ɗaya na ce. In ka tula da yawa wai don taushi, sai ta riƙa lilo, hoton ya koma kamar kunu. Sannan ka ɗaura mata igiya siririya ka zarge a keken, ranar da noti ya kwance sai ta rataye maimakon ta shiga ƙarƙashin tirela.

Wani abu kuma da ba a faɗa: iskar taya. Masu faci suna son cika taya ta yi tauri kamar dutse. A burji ka ɗan rage, za ka ji a hannunka, za ka gani a hoton.

Ka ce da asuba kake fita. To ka sani wannan tsarin hana rawa da Oga ya yi bayani haske yake so. Kafin gari ya waye sosai hoton zai riƙa dishi-dishi yana jan jela, komai tsadar kyamarar. Kada ka ɓata batir a duhu, ka bari sai rana ta ɗan leƙo. Kuma kai ka yi sa'a, Gwarzo yamma take da Kano, da safe rana a bayanka take, gonaki za su fito tas. A dawowa ne za ka fuskance ta, hoton ya yi fari fat. Don haka na Baba ka ɗauka a tafiya.

Sarkin Zolaya:

Malam ni shawarata ka ɗauko ɗalibi ɗaya mai surutu ka goya shi a baya, in kun dawo ya ba Baba labari. Ba caji, ba memori, sai dai kuɗin ƙosai.

Oga Mai Gyaran Waya:

Sarki kai dai ba ka rabo da abin dariya.

Malam na manta da kati, kuma shi ne ke kunyata mutane. Ka nemi wanda aka rubuta V30 ko U3 a jikinsa, ma'anarsa yana iya rubuta megabait 30 a sakan ba tsayawa. Mai ƙasa da haka sai kyamara ta riƙa katsewa, ka zaci ita ce ta lalace. Jabun kati kuma ya cika gari, a rubuta gigabait 128 alhali cikinsa bai kai 16 ba, yana cika sai ya riƙa cinye na baya ba ka sani ba. Da ka saya ka cika shi da bidiyo a kwamfuta har ya ƙare, sannan ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani.

Ga lissafi. 4K mai nauyi yana cin wajen megabit 100 a sakan, wato kusan gigabait 45 a awa. Awa ukunka ya fi ƙarfin kati mai 128. In ka sauko 1080, wato saitin da bai kai 4K ba, abin bai kai rabin haka ba, batir ya fi daɗewa, kyamara ba ta zafi sosai, kuma tunda a waya Baba zai kalla, wallahi ba zai ga bambanci ba. Ka sa ta a hoto 60 a sakan, motsi ya fi santsi. Batir ɗaya ka ƙaddara awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don haka ko ka sayi na biyu, ko ka ɗaura fawa bank a jikin keke ka ja waya. Amma in ka buɗe murfin caji ka buɗe wa ƙura da ruwa ƙofa, da damina ko hazon hunturu ban ba ka shawara ba. Zafi kuma duk irinsu suna yi, iskar tafiya ce ke sanyaya su. In ka tsaya wajen mai shayi ka kashe, kada ka bar ta a rana tana ɗaukar benci.

Maganar mai adaidaita kuwa, kada in yaudare ka. Kyamarar gaba abin da ke gaba take gani. Wanda ya taho ta baya ya goge ka, sai ya wuce za ta kama shi, in keken bai riga ya kwanta ba. Idonta mai faɗi ne, abu yana yin nisa kaɗan lamba ta ƙanƙance. A nan kam 4K na gaske ya fi, don za ka iya zuƙo hoton. Akwai waɗanda aka yi musamman don wannan aikin, irin Cycliq ta Ostareliya, fitila ce da kyamara a haɗe, Fly12 ta gaba Fly6 ta baya, suna ɗauka suna goge tsoho da kansu. Akwai kuma masu ido biyu irin Insta360 X3 da ke ganin ko'ina, gaba da baya. Amma idanunsu a bulluƙe suke, faɗuwa ɗaya sun karce, sannan sai ka zauna ka tace bidiyon a waya mai ƙarfi kafin ya kallu. Da dubu 200 ka zaɓi buƙata ɗaya. Ni dai na ga ta Baba ta fi.

Maman 'Yan Biyu:

Malam, ni ba na hawa keke, maigidana ne ke yi, ni ce mai tace masa bidiyo a waya, don haka ta ɓangaren mai kallo zan yi magana.

Ba wanda zai kalli awa uku, ko Baba. Ka riƙa ɗaukar minti biyu, minti uku, a wuraren da ya tambaya. Akwai wani saiti da ke dunƙule doguwar tafiya ta koma 'yan mintuna, a GoPro sunansa TimeWarp, yana da kyau a miƙaƙƙiyar hanya, amma ga tsoho yana iya yin sauri da yawa. Gara ka tsaya a bakin gona, ka sauka, ka cire kyamarar ka riƙe a hannu ka nuna masa zangarniya da kyau, ka yi magana, ka ce Baba ga rimin nan. A cikin tafiya ba abin da ake ji sai fuuu na iska, ko an sa mata soso. Kuma kada ka tura masa ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse bidiyo ya dagule, ka zuba masa kai tsaye a wayar.

Sai abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Ka ce kana wuce Janguza. Akwai barikin soja a wurin. Ka kashe kyamara tun kafin ka iso, haka ma duk wani shingen jami'an tsaro, kada neman lafiya ya zama neman beli. In ka shiga ƙauye kuma ka kula da mata a bakin rijiya da yara. Wanda Baba zai gani a ɗaki daban, wanda za a sa a Facebook daban. Maigidana sau ɗaya wani dattijo ya tare shi ya ce ya goge, ya goge a gabansa, suka rabu lafiya har da ba shi gyaɗa.

Malamin Lissafi:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sarki, ɗalibin da na sani in na goya shi, kafin mu kai Rijiyar Zaki ya cinye ƙosan ya fara tambayar yaushe za a koma.

Na auna da zare kamar yadda Baffa ya ce, ya ba ni santimita 10 cif, ka ga 31.8 ke nan. Na samu maƙalin alminiyam gajere, mai faci kuma ya ba ni tif kyauta, sai da ya tambaye ni ko danƙon harbi zan yi. Ɗan Shere kada ka ji haushi, zan gwada ta ƙirji in hunturu ya shigo. Hajiya, maganar Janguza ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma sau biyu na wuce wurin da waya a ɗaure tana ɗauka, Allah ne ya rufa asiri.

Kyamara kuwa na ga guda biyu jiya. Wata Hero 8 mai tsabta da batir biyu, kuɗina ya kai. Wata Hero 9 kuma gilashinta ya ɗan karce, batir ɗaya, sai na ƙara dubu talatin da ba ni da su sai ƙarshen wata. Mai ita ya yarda na gwada, ta yi minti ashirin ba ta mutu ba, ta sauka daga kashi 90 zuwa 68. Oga, wannan saukar daidai ce ko batirin ya gaji? Kuma gilashin canjin ana samunsa a nan Kano, ko sai an yi oda? Ina so in yanke kafin Asabar ta sama, don Baba ya ce in aka fara yankan gero ban nuna masa ba, to in bar shi kawai.